Kurege da Rigar Gawo

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu baza kunne."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

"To, ku matso. Mai gyangyaɗi ya koma baya, kada ya faɗo mini a cinya."

Wani Kurege ne, da matarsa, da 'ya'yansa rututu. Gidansu rami ne a gindin wani babban Gawo, a tsakiyar gonar wani mutum ana ce masa Nomau. Ramin nan sanyi gare shi kamar cikin randa. Abinci kuwa ba a magana, don gyaɗar Nomau tana nan bakin ƙofa. Shi ya sa in matarsa ta so raha sai ta ce masa, "Kurege na gindin Gawo, ba ka noma, ka fi manomi rumbu."

A zamanin nan Gawo ba kamar yadda kuka san shi yake ba. Da rani tsirara yake tsayawa, kamar sauran itatuwa. Amma ɗan ƙwalisa ne. Da ya ji ƙamshin hadari daga gabas, tun ruwa bai sauka ba, shi ne farkon mai zura koriyar riga. Riga kuwa mai kauri, rana ba ta ratsa ta.

Shi kuma Nomau ba rago ba ne, amma zuciya gare shi, kuma ya tsani inuwa. Kullum cewa yake, "Inuwa gadon rago ce." Ya gaji gonar nan cike da itatuwa. Ya sare marke. Ya sare ƙirya. Ya bi kalgo da sabara ya tumɓuke. Gona ta zama fili fetal kamar kan mai sanƙo. Iska ta zo ta kwashe ƙasar kirki, ta bar masa rairayi. Ruwa in ya sauka ba ya tsayawa gaisuwa, sai ya yanki hanya ya wuce. Rijiya ta yi ƙasa, gero ya ƙanjame.

Nomau ya duba gabas, ya duba yamma, yana neman mai laifi. Ba kowa tsaye sai Gawo. Ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ne. Kai kake tare wa gerona rana. Gobe war haka kana ƙasa."

Kurege na bakin rami yana ɓare gyaɗa, ya ji. Ya jefar da gyaɗar, ya koma ciki.

Matarsa ta ce, "Maigida, in Gawo ya faɗi ina za mu kai yaran nan? Ga rana, ga shaho, ba wurin ɓuya."

Kurege ya ce, "Ki bar ni da shi. Ƙarfi nasa, haƙora nawa."

Gari ya waye, Nomau ya zo da gatari. Ya jingine shi jikin Gawo, ya koma gefe yana shan fura don ya sami ƙarfi. Kurege ya lallaɓo, ya kama ƙotar gatarin daga wuya, ya yi ta gwaguya, ya yi ta gwaguya, har saura ƙiris. Ya shafe wurin da ƙasa, ya koma rami.

Nomau ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga gatari, ya kai sara. Ƙota ta ce ɓas. Ƙarfen ya tashi sama, ya faɗo dab da babban yatsansa.

Kurege ya leƙo, fuska kamar ta mai zuwa ta'aziyya. Ya ce, "Sannu, Malam Nomau. Allah ya kiyaye gaba. Ai ƙota ba ta wuya, je ka sari wata a jikin marken can."

Nomau ya ce, "Wane marke? Na sare shi."

"To, ƙiryar can."

"Na sare ta."

"Ashsha. Ashe gatari ya cinye danginsa, ba mai riƙe shi."

Nomau ya harare shi, ya ɗau ƙarfe, ya kama hanya. Ya wuce gari, ya wuce gari, ya wuce wani garin, kafin ya ga itacen da za a sassaƙa ƙota da shi.

Da ya dawo, bai ƙara ajiye gatari ko'ina ba. A kafaɗa yake kwana. Ya yi sammako ya nufi gona, sai ga Kurege a kan hanya ya harɗe hannu.

Kurege ya ce, "Malam Nomau, da safe za ka sari Gawo? Ni maƙwabcinsa ne, na san shi ciki da waje. Da safe raɓa na sa jikinsa tauri kamar maƙera. Ka bari rana ta take tsaka ta dafa shi, sai ka ga gatari na shiga kamar a kabewa."

Nomau ya ce, "Kai kuma yaushe ka zama mai taimakona?"

Kurege ya ce, "Na gaji da shi ne. Kullum shara a ƙofar gida, matata ta hana ni sakat."

Nomau ya koma gida, ya jira rana ta take tsaka, sannan ya fito. Ƙarshen bazara ne, ga gona ba ko kara tsaye. Rairayi na ƙuna ta ƙasa, rana na ƙuna ta sama. Kafin ya kai rabi, gumi ya rufe masa ido. Kafin ya kai gindin Gawo, ya jigata. Ya ce, "Bari in ɗan zauna, numfashi ya dawo, sannan in fara."

Ya zauna. Sanyi ya ratsa shi. Kurciya na kuka a reshe, iska na kaɗawa a hankali. Daga zama sai kishingiɗa, daga kishingiɗa sai minshari.

Bai farka ba sai da rana ta yi ja. Ya buɗe ido ya ga Kurege a gefe yana siɗe ƙoƙon furarsa.

Kurege ya ce, "Sannu da aiki, Malam Nomau. Na ga gadon rago ya karɓe ka."

Nomau ya cire takalmi ya jefe shi. Kurege ya goce, ya faɗa rami yana dariya.

Amma dariyar ba ta kwana biyu ba. Nomau ya dawo, wannan karon ba gatari. Damin kara ya ɗauko da bakin wuta. Ya jibge kara a gindin Gawo ya ce, "Yau ba ƙota, ba barci." Ya hura wuta. Hayaƙi ya cika rami, yara suka hau tari.

Kurege ya laluba cikinsa, ba sauran dabara ko ɗaya. Ya fito ido na ruwa, ya ce, "Tsaya, Malam Nomau. Wai me Gawo ya yi maka?"

"Rigarsa ta tare wa gerona rana."

"In ya tuɓe fa?"

Nomau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Itace ya tuɓe da damina? Sai ran da jaki ya yi ƙaho."

Kurege ya ce, "Ka ba ni zuwa noman fari. In ka zo da fartanya ka tarar da ganye ɗaya a kansa, ka ƙone shi, ka gasa ni a garwashinsa, ka ci da yaji."

"Har da matarka?"

"Ni kaɗai. Matata ƙashi ce zalla, sai ta shaƙe ka."

Nomau ya dubi Kurege, ya ga gyaɗarsa ta zauna masa a jiki, ya yi ɓulɓul. Ya ce, "Na yarda." Ya tattake wuta ya tafi.

"Iya, ya san yadda zai yi?"

"Ina fa ya sani, Ladidi. Bakinsa ne ya riga hankalinsa. Ku dai saurara."

Shi Gawo kansa na can sama, duk abin da ake yi a ƙafarsa bai sani ba. Kurege ya tsaya a gindi, ya ɗaga murya.

"Baba Gawo, barka da hutawa."

"Wane ne? Au, ɗan ramin nan. Me ya faru?"

Kurege ya yi abin da bai saba ba, ya faɗi gaskiya. Ya ce, "Baba, Nomau zai ƙone ka. In ba ka tuɓe rigar nan ba, kai toka, ni tsire."

Gawo ya ce, "Ɗan mutumin nan? Kakansa ma a inuwata aka raɗa masa suna. Ni in tuɓe a gaban jama'a saboda shi? Tafi ka ba ni wuri."

Ruwa ya sauka, Nomau ya yi shuka. Da zai wuce gida ya dubi ganyen Gawo, ya dubi Kurege, ya ce, "Na sa an sayo barkono."

Da Kurege ya ga gaskiya ba ta ci ba, sai ya koma sana'arsa. Ya zo da gudu yana haki, ya ce, "Baba, tsutsa. Baƙaƙe masu gashi, sun cika maka riga ta baya. Tuɓe maza in kakkaɓe maka."

Gawo ya ce, "Ka san yawan tsuntsayen da ke kwana a kaina? Ai kalacinsu ke nan. Zan gaya musu ka gaishe su."

Gero ya tsiro, ya fara buɗe kunne. Nomau ya zo wucewa, ya dubi ganye, ya dubi Kurege, ya ce, "An daka yajin. Har da citta."

Ran nan Kurege bai iya cin gyaɗa ba. Matarsa ta ce, "Ka gwada tsoro bai ji ba, ka gwada ƙyama bai ji ba. Shi mutumin nan me ya fi so a duniya?"

Kurege ya ce, "Kansa." Sai ya tashi zaune. Sai ya ce, "Miƙo gyaɗar nan."

Da safe ya je gindin Gawo ya zauna, bai yi gaisuwa ba. Ya yi tagumi, ya ja dogon tsaki.

Gawo ya ce, "Me kuma?"

"Ba komai, Baba."

Ya sake jan tsaki.

"Na ce me ya faru?"

"Ba komai. Maganar ba ta faɗuwa."

Ya sake ja, wanda ya fi na da tsawo.

Gawo ya ce, "Ka faɗa ko in matse raminka da saiwa."

Kurege ya ce, "To, kai ka matsa. Jiya wasu fatake suka biyo ta hanyar can. Ɗaya ya ce, ina babban Gawon nan da ake labari? Ɗaya ya duba, ya duba, ya ce, oho, duk kore ne, wa zai gane wani? Suka wuce. Ko ɗaga kai ba su yi ba."

Gawo ya ce, "Ƙarya ne."

"Dubi ƙasa, Baba. Sau ɗaya dai."

Gawo ya sunkuyo, abin da bai taɓa yi ba. Ya ga tafasa kore. Ya ga rama kore. Ya ga har ciyawar bakin juji kore shar.

Kurege ya ce, "Ka gani? Anko ka yi da tafasa. Har ciyawar da akuya ke yi wa fitsari, rigarku iri ɗaya."

Gawo ya sake duban tafasa, ya dubi rigarsa.

Kurege ya ce, "Ni ba kowa ba ne. Amma da ni ne kai, sai in ninke rigar nan in ajiye. In bar ƙananan nan su yi ta rawar kai. Ran da rani ya tuɓe kowa, ran nan zan fito ni kaɗai. A lokacin ko makaho sai ya tambaya, wannan inuwar ta wane ne?"

Gawo ya ce, "Wa zai ajiye mini?"

"Ga ni. Ramina bushe yake. Ko ɗigo ba zai taɓa ta ba."

"Ka rantse."

"Na rantse da gonar ubana."

To, ku kun san uban Kurege bai taɓa mallakar ko kunyar gona ɗaya ba. Amma Gawo bai sani ba. Ya girgiza, ganye ya zubo. Ya girgiza, ganye ya zubo. Ya sake girgizawa, ya tsaya tsirara, tsakiyar damina.

Kurege ya dubi tulin ganye, ya dubi ɗan raminsa. Ko hannun rigar ba zai shiga ba. Sai ya je ya buga wa Gara ƙofa, ya ce, "Ku fito, walima nake yi, ba gayya ba kuɗin gaisuwa." Gara ta fito da danginta kaf. Suka yi ta jan ganye cikin ƙasa. Abin da suka rage, ruwa ya jiƙa shi ya ruɓe. Ƙasar gindin Gawo ta koma baƙa wuluk, mai laushi.

Ranar noman fari Nomau ya zo, fartanya a dama, ƙullin yaji a hagu. Ya ɗaga kai. Ya zagaya Gawo yana neman ganye ɗaya, bai samu ba. Ƙullin yaji ya suɓuce masa.

Kurege ya ce, "Ɗauki abinka, Malam Nomau, ka zuba a tuwo. Ka kuma duba kan jakinka in ka koma gida."

Damina ta yi nisa. Geron gindin Gawo ya sami rana ta sama, ya sami taki ta ƙasa. Ya tashi, ya tashi, har ya shanye mutum. Zangarniya kamar taɓarya. Na sauran gona kuwa, inda ba itace, yana nan kamar tsintsiya. Da kaka ta yi, abin da Nomau ya yanka a gindin Gawo ya fi na duk gonar. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Da zai tafi, ya rusuna ya ce, "Sai da safe, Baba Gawo."

Rani ya shigo, itatuwan duniya suka tuɓe. Gawo ya ce, "Kurege, rigata."

Kurege ya faɗa rami da sauri. Ya raɗa wa matarsa, "Fara ɗaure kaya." Sannan ya fito ya ce, "Tana nan, Baba. Ƙasa-ƙasa na ajiye, saboda ɓarayi. Ta yi mini nauyi, zura saiwa ka ɗauko."

Gawo ya zura saiwa. Ya ce, "Ban ji ta ba."

"Ƙara ƙasa."

Ya ƙara. "Har yanzu ban ji ta ba."

"Ai na gaya maka ajiyar kirki na yi. Ƙara ƙasa."

Shi Kurege lokaci kawai yake ja, yara su gama fita ta ƙofar baya. Gawo kuwa ya yi ta zurawa, ya wuce rairayi, ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara. Sai saiwa ta faɗa cikin wani ruwa mai sanyi, can ƙasa inda wani itace bai taɓa kaiwa ba. Gawo ya sha. Ya sha. Ya sha har ya ji shi a ƙarshen rassansa. Kafin ka ce kwabo, ganye ya fara fesowa, sabo fil, tsakiyar rani.

Kurege da kansa sai da ya saki baki. Amma nan da nan ya rufe, ya ce wa matarsa, "Kwance kayan." Ya juyo ya ce, "Ka gani, Baba? Har wanki na yi mata."

Da maganar ta tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ga Gara ta leƙo tana sakace, ta ce, "Baba Gawo, wannan ma in ka gama da ita a turo mana. Waccan ta yi daɗi."

Gawo ya ce, "Wacce?"

Kurege ya ce, "Kada ka kula ta, zafin rana ne."

Gawo ya gane. Ransa ya ɓaci, ga shi ba ƙafar bin mutum. Ya duba jikinsa, ba abin jifa sai 'ya'yansa, jajaye, a nannaɗe. Ya ciro ɗaya ya jefa, Kurege ya goce. Ya jefa wani, Kurege ya goce. Ya yi ta ruwan jifa, Kurege na tsalle yana cewa, "Saura kaɗan, Baba. Wannan ta kusa."

Awakin Nomau na can sun rame, rani ya hana su ko tsinke. Suka ji abu na zuba, suka sheƙo. Suka ɗanɗana, suka ji garɗi, suka hau ci. Kullum Kurege ya fito ya tsokani Gawo, kullum Gawo ya yi jifa, kullum awaki su ƙoshi. Suka yi ƙiba, nono ya kawo.

Kurege ya je ya sami Nomau ya ce, "Wannan ma ni na shirya."

Nomau ya ce, "Ƙarya kake. Amma kunya ɗaya ta gyaɗa daga bakin gona taka ce."

Kurege ya ce, "Na gode." Ya ci ɗaya ta bakin gona, ya ci biyu ta tsakiya.

Gawo bai yafe wa Kurege ba, amma bai koma tsohuwar al'ada ba. Don ya ga abin da ya daɗe yana so. Duk faɗin dajin shi kaɗai ne kore. Makiyayi ya kawo shanunsa, matafiyi ya sauke kaya, tsuntsaye suka cika rassa, zuma ta kafa gida. Kowa ya zo sai ya ɗaga kai ya sa albarka.

Awaki kuwa duk inda suka yi kashi sai su bar irin Gawo. Da ruwa ya sauka, ƙananan gawuna suka tsiro nan da can. Nomau ya ɗaga fartanya zai sare na farko. Kurege ya yi gyaran murya daga bakin rami. Nomau ya sauke fartanya, ya kewaye shi da ƙaya don kada a taka. Ya bar na biyu, ya bar na uku. Kalgo da sabara suka tofo daga tsofaffin kututturai, su ma ya bar su. Shekara ta bi shekara, gona ta cika da itatuwa. Iska in ta taso sai ta tarar da masu tare ta. Ruwa ya riƙa nitsewa ƙasa, rijiya ta kawo, zafin garin ma ya ragu. Maƙwabta suka ga rumbun Nomau, su ma suka rataye gatari.

Shi ya sa har yau Gawo ke tuɓewa da damina, ya yi ado da rani. Shi ya sa geron gindinsa ya fi na ko'ina. Shi ya sa kuma in kurege ya fito daga rami, sai ya tsaya da ƙafa biyu ya ɗaga kai tukuna. Jifa yake dubawa.

Ku kuma ku riƙe wannan. Itace ba ya cin gona, riƙe ta yake yi. Wanda ya bar itace tsaye ya ciyar da kansa, ya ciyar da dabbarsa, ya bar wa jikokinsa wurin zama.

Wanda ya ce ƙarya na yi, in damina ta zo ya je gona ya ɗaga kai.

Ƙurunƙus, kan kusu.